Daji Ba Kufai Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, yau za mu ɗauko darasi daga wani ɗan tsiro na Jihar Florida ta Amurka, wanda masana suke kira Conradina brevifolia. Dangin na'a-na'a ne da ɗaɗɗoya. Tsayinsa ba ya wuce mita ɗaya, ganyensa ƙanana ne masu ƙamshi, ba sa kaɗewa rani da damina. A duk faɗin duniya ba ya fitowa da kansa sai a farin yashin tudun Lake Wales, cikin gundumomin Polk da Highlands.

To, me ya same shi? Mutane suka dubi wannan yashi da 'yan kurmin da ke kansa, suka ce ƙasar banza ce. Aka yi ta sara ana dasa lemo, ana gina gidaje, har mafi yawan dajin ya tafi. A ɗan abin da ya rage kuma aka hana wuta ci. Alhali kuwa tun fil'azal gobarar da tsawa ke tayarwa ita ke rage manyan itatuwa, ta buɗe wa ƙananan tsirrai fili su sha rana. Da wuta ta ɗauke, sai inuwa ta danne su. A 1993 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ke bakin ƙarewa, bisa dokar da ta kafa a 1973.

Wani zai ce ai lemo ya fi ganye amfani, yana ciyar da iyali. Ba mu musa ba. Amma lemo yana yi a wurare da dama, shi kuwa wannan tsiro in ya rasa tudunsa ya tafi ke nan, ba kuɗin da zai dawo da shi. Kamata ya yi a ce an keɓe masa wuri tun kafin a sa gatari.

Ina ruwanmu? Mu ne gobe za a kawo wa takardun rabon filaye mu sa hannu. Kada mu rubuta cewa wuri kufai ne muna zaune a ofis. Mu taka, mu tambayi masana da makiyaya da masu magani abin da ke fitowa a can. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mu gane.