A Daina Cire Murfin Giranda a Shagunan Walda

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin iyayen gidan walda, tun daga Panteka ta Kaduna har rumfunan bakin titi, kan yadda ake damƙa wa yara giranda su yanka ƙarfe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cire murfin da ke kare faifai, wai don a ɗaura babba a ƙaramin inji. Ƙaramar giranda tana juyi wajen sau 11,000 a minti ɗaya, babban faifai mai inci 9 kuwa iyakarsa kusan 6,600, a jikinsa ma aka rubuta. In ya tarwatse, fuska da wuyan yaro zai nufa, kuma baƙin gilashin gayu ba ya tare komai. Faifai ma yana tsufa. A duba kwanan watan da ke zoben tsakiyarsa, wanda ya tsage kuma a jefar.

Sai kuma batun wuta. An ɗauke, yaro ya ajiye inji a kunne ya tafi shan shayi, ana kawowa sai injin ya tashi da kansa. A zare soket kafin a ajiye, haka kafin a sauya faifai. A ɗaure ƙarfe a matsi maimakon takewa da silifa, a kawar da jarkar fetur daga inda tartsatsi ke zuba.

Iyayen gida, yaran nan amana ce aka ba ku. Ku saya musu gilashin kariya, ku hana su aiki da riga mai yalwar hannu.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Kaduna