Kintinkirin Sukari da Daminar Kaduna

A Mahuta da Sabon Tasha da sauran unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, yin kek ya daɗe da zama sana'ar da mata da dama ke biyan kuɗin haya da ita. Masu koyarwa ma sun yawaita, kowa da ajinsa na 'yan makonni. Ƙorafina a kan da yawa daga cikinsu ɗaya ne: suna karɓar kuɗin ɗalibai, su koya musu kwaɓin sukari iri ɗaya tak, wanda suka kwafo daga bidiyon YouTube da aka ɗauka a wani ɗakin girki na Ingila, sai ka ce iskar Kaduna ba ta sauyawa tsakanin Janairu da Agusta. Inda asirin wannan sakaci ke fara tonuwa shi ne ɗaurin kintinkirin da ake ɗorawa a kan kek ɗin biki, domin ado ne da dole ya tsaya da kansa, kunnuwansa a buɗe, babu abin da ya tallafe shi.

Kwaɓin da kowa ya sani shi ne fondan, wanda ake lulluɓe kek da shi. Ana haɗa shi da garin sukari da ruwan gulukos da jelatin da gilisarin, kuma aikin gilisarin shi ne ya riƙe danshi don kwaɓin ya daɗe da laushi. Wannan laushin ne ke sa wuƙa ta ratsa shi cikin sauƙi, shi ne kuma ke hana shi ɗaukar nauyin kansa. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, sukari da gilisarin suna zuƙar danshin iska, ɗaurin da aka yi da fondan zalla ya yi gumi, ya lanƙwashe, ya kwanta a kan kek kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sa shi a firji ƙara dagula lamarin yake yi, domin da zarar an fito da shi raɓa ta lulluɓe shi, balle a garin da wutar lantarki ba ta da alƙawari.

Maganin ba boyayye ba ne. Akwai hodar CMC, wadda ake samu daga ɓargon itace ko auduga, ake kuma sayar da ita da sunan Tylose. Ƙaramin cokali ɗaya a rabin kilo na fondan yana mai da shi kwaɓin da ke bushewa ya yi tauri. Kafin ita, ƙaron tiragakan ake amfani da shi, wanda mafi yawansa daga Iran yake fitowa, ya fi tsada, sai kuma an bar kwaɓin ya kwana kafin ya kama. Ƙaron da Borno da Yobe da Jigawa ke fitarwa kuwa, duk da sunan da ya yi a kasuwar duniya, ba ya maye gurbinsa. Amfaninsa a nan shi ne manna ado da sa shi sheƙi. A damina ma'aikaciya na buƙatar ƙarin CMC, ta murza kwaɓin ya yi siriri, ta cusa takarda a cikin kunnuwan ɗaurin, ta ba shi kwana biyu ko uku ya bushe kafin ranar biki.

Da hunturu kuma sai labari ya sha bamban. Wannan haɗin da ya ceci ɗauri a Agusta, a Janairu tun yana hannu yake bushewa, ya tsattsage a daidai wurin naɗi. A lokacin rage hodar ake yi, a shafa ɗan mai a tafin hannu, a rufe ragowar kwaɓin da leda. Malamin da bai raba darasinsa gida biyu haka ba, rabin sana'a ya sayar a kan cikakken kuɗi.

Na san amsar da ake bayarwa: wai masu biki suna son duk abin da ke kan kek ya ciwu. Gaskiya ne ɗaurin da ya ji CMC ba shi da daɗin tauna. To amma wa ke zuwa biki don ya ci kintinkiri? Cire shi ake yi a ajiye gefe kafin a yanka. Idan kuwa ya rushe kafin amarya ta iso, mai kek ce za a kira a waya, ita za ta mayar da kuɗi, bayan ta sayi sukari da bota da ƙwai a farashin da suka kai tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Malamin da ya koya mata ba ya asarar ko kwabo.

Tsadar fondan na kanti ta sa da yawa sun koma kwaɓa nasu a gida, a nan kuma wata magana ta shigo da ajujuwan ba su cika taɓawa ba. Kaso mai yawa na jelatin da ake sarrafawa a duniya daga fatar alade yake, saura daga fata da ƙashin shanu ko kifi. Mai kek a Mahuta tana yi wa Kirista aiki, tana yi wa Musulmi, kek ɗinta na ƙetare gada zuwa Tudun Wada da Unguwar Rimi. Haƙƙinta ne a koya mata karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin jelatin, ta san na shanu da na kifi, ta kuma san cewa da farin ƙwai da garin sukari da CMC kaɗai ana kwaɓa abin ɗauri mai tauri wanda babu jelatin a cikinsa ko kaɗan.