JARUMI BA YA JIFAN MAI RAUNI

Yau da masu cewa labaran jarumai shirme ne nake, kuma mu kanmu ba zan ƙyale mu ba.

Duk wadda ta karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ta san farkonsa: yaro ne da ya tashi ko tafiya ba ya iya yi. Da ƙarfi ya zo masa, azzalumai ya tasam ma, bai taɓa mai rauni ba. Haka a Amurka, a 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙago labarin X-Men, mutanen da aka haife su daban da kowa, jama'a na korarsu, su kuwa suna kare jama'ar. Maza masu son maza da mata masu son mata na can suka ga kansu a ciki, suka ƙara samun ƙarfin neman a daina wulaƙanta su. A 1992 ma wani jarumin irin waɗannan labarai, Northstar, ya fito fili ya ce shi ma ɗayansu ne.

To mu nan Batagarawa fa? Ranar biki ɗan daudu muke nema ya soya kaji, ya tuƙa tuwo, mu ci har da guzuri. Kashegari yara su bi shi da ihu, muna leƙe ta zaure muna dariya. Haba jama'a! Ke da kika raya dare kina kuka don an zalunci jarumin littafi, ga ɗan mutane ana ci wa mutunci a ƙofar gidanki, ko ki tsawata wa ɗanki?

Kada ki ce ai wasan yara ne. A Janairun 2014, taron jama'a suka yi ta jifan wata kotu a Bauchi don a miƙo musu mutanen da ake tuhuma da luwaɗi, alhali alƙali bai gama shari'a ba. Masu jifan nan, wallahi da ihun ƙuruciya suka fara.

Na san wata za ta ce, to ke bayansu kike bi? Ni ba fatawa na zo bayarwa ba, maganar mutunci nake, wanda in ya zube ba ya kwasuwa. Laifi tudu ne, 'yar uwa, kowa ya taka nasa yake hango na wani.

In za ki ba ɗanki labarin jarumi da dare, ki faɗa masa wa jarumin ya tsaya wa. Allah Ya sa mu gane, amin.