Shekara Biyar a Majalisa, Ba da Ƙuri'ar Kowa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga iyayenmu da 'yan'uwanmu Hausawa na Kasuwar Umdurman da Suk Libya da unguwannin Umbadda: 'yan tebur, masu agashe, teloli, 'yan dako, da iyayenmu mata masu shayi da godogodo.

Tun da aka buɗe yaƙin neman zaɓe, babu bangon da ba a manna hoton mutumin nan ba, da farin rawaninsa da alamar itace a gefen kansa. Ba sai mun faɗi sunansa ba, kun san shi, kun san gidan da ya tashi. Yana neman ku mayar da shi Majalisar Dokoki ta Wilayar Khartum a ƙarƙashin Mu'utamar Wadani. Kafin ku ba shi amsa, mu bi sawunsa tare, mu ga ta ina ya hau kujerar da me ya yi a kanta.

TA INA YA HAU?

Kafin 2010, zaɓen jam'iyyu na ƙarshe a ƙasar nan an yi shi a 1986. Jam'iyyar Umma ce ta fi kowa kujeru, Sayyid Sadik al-Mahadi ya zama firayim minista. Ranar 30 ga Yuni 1989 soja suka kifar da wannan gwamnati, suka rushe jam'iyyu, suka kafa lajna sha'abiyya a kowace unguwa. A nan mutuminku ya fara. Shi ne mai hatimi. In kana son takardar shaidar zama a unguwa, ko rabonka na sukari a zamanin da ake rabonsa da kati, sai ka je ƙofarsa ka jira. Daga lajna ya wuce mahalliya, daga mahalliya aka kai shi majalisar wilaya.

Mun ce "aka kai shi" da gangan. Bayan yarjejeniyar Naivasha ta 2005, majalisun wilayoyi duka naɗa su aka yi. A yawancin wilayoyin arewa an ba Mu'utamar Wadani kashi 70 cikin 100 na kujeru, Haraka Sha'abiyya kashi 10, sauran jam'iyyu kashi 20. Sunansa ya fito ne cikin jerin da jam'iyyarsa ta rubuta a ofis. Babu ɗaya daga cikinku da ya tsaya a layi ya jefa masa ƙuri'a. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladan da ya ci na waɗanda suka naɗa shi ne, kuma su ya yi ta yi wa aski kusan shekara biyar.

ME YA YI A KAN KUJERAR?

Majalisar wilaya ba wurin shan shayi ba ce. A 2010, ita ke amincewa da kasafin kuɗin wilaya, ita ke yin dokokin wilaya, tana da ikon kiran ministocin wali ta yi musu tambaya. Yawancin abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya a kasuwar nan daga hannunta yake fitowa.

Na farko, kasha. Dokar Nizamul Am ta Wilayar Khartum ta 1996 dokar wilaya ce, kuma a 2010 majalisar da yake zaune a ciki tana da ikon gyara ta ko soke ta. Kowa ya taɓa ganin motar kasha ta tsaya. Mai shayi ta kwashi abin da hannunta ya kai ta ruga, a loda murhu da butoci da 'yan kujerun zamanta a mota. Sai ta ci bashi ta biya tara kafin a ba ta kayanta, in ma an same su cikakku. Da yawa cikin matan nan marayu suke ciyarwa. Ku tambaye shi, wace rana ya miƙe a zauren majalisa ya ce a taɓa ko da layi ɗaya na dokar nan? In akwai ranar, ya kawo takardar zaman a karanta a tsakiyar kasuwa, mu kuma mu janye maganarmu a gaban kowa.

Na biyu, kuɗaɗen da ake karɓa. Kuɗin lasin, kuɗin shara, katin lafiya, kuɗin wuri, haraji, ga zakka da ake karɓa daban. Mai tebur ɗaya sai ya ga masu jaka sun zo masa bi da bi, wani da Ornik 15, wani da 'yar takarda wadda ba a san daga ina ta fito ba. Sharar kuwa tana nan jibge, kwatami a toshe, damina ta zo ruwa ya shiga rumfuna. Kowace shekara kasafin da ya halatta wannan yakan ratsa ta gabansa, ya ɗaga hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na uku, jinsiyya, kuma shi ne wanda ya fi ciwo. Wane gida ne a cikinmu bai san wahalar wannan takarda ba? Yaro an haife shi a Umdurman, ubansa an haife shi a Jazira, amma da an ji sunan kakansa sai a ce ya kawo shaidu, ya dawo gobe, ya dawo wata mai zuwa. Ba jinsiyya, ba jami'a, ba aikin gwamnati, ba filin gida. A watan Oktoba na 2008 jaridar Al-Ayyam ta buga maganar da aka jingina wa Shugaba Bashir cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Gwamnati ta musanta, amma kafin nan 'yan'uwanmu sun fito tituna a Gadarif da Kassala, kuma an rasa rayuka. A waɗancan kwanaki muna ta baza kunne ko za mu ji muryar ɗanmu da ke majalisa. Shiru. Da ƙura ta lafa, sai ya zo yana lallashi, wai a yi haƙuri kada a ɓata wa manya rai.

Mu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun bi hanyar Hajji sun zauna tun kafin Turawa su zo. Wasunsu sun tsaya tare da Imam Mahadi, wanda kubbarsa take nan kusa da ku. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin Jazira a 1925, hannun iyayenmu na cikin waɗanda suka ciri audugar da ta ciyar da Sudan. Duk wannan tarihi ya san shi. Bai taɓa faɗinsa a inda faɗinsa zai yi mana amfani ba.

"AI NAMU NE"

Mun san abin da wasu dattawanmu ke cewa, kuma muna girmama su: ai namu ne, gara a ce muna da mutum a ciki ko yaya yake. Baba, ka duba da kyau. Amfanin naka a majalisa shi ne ya yi magana ranar da aka taka ka. In ya yi shiru a ranar, to Hausarsa gwamnati take yi wa amfani, don da ita ake shigowa gidajenmu a nemi ƙuri'a.

Ba mu musun cewa ya kawo tabarmi masallaci, ya raba sukari da azumi. Allah ya karɓa in don Allah ya yi. Ba mu musun cewa an gina gadar Mak Nimir da ta Tuti. Amma tun a 1999 Sudan ta fara fitar da man fetur, kuɗin na kowa ne, ba kyauta aka yi muku ba. Buhun sukari yakan ƙare cikin wata guda, dokar da ya ɗaga wa hannu kuwa tana binku kullum.

Akwai kuma masu zagayawa suna raɗa cewa wanda bai zaɓi itace ba za a karɓe masa lasin ko a hana ɗansa takarda. Ƙuri'a a asirce ake jefa ta. Babu sunanka a jikin takardar. In sun ba ku wani abu, haƙƙinku ne ya dawo, amma ƙuri'arku amana ce da Allah zai tambaye ku.

ABIN DA ƊAN TAKARARMU YA ƊAURE KANSA DA SHI

1. Zai gabatar da buƙatar soke Dokar Nizamul Am, a ba masu shayi da 'yan tebur wurare na dindindin da lasin mai sauƙi.
2. Zai nemi a haɗa kuɗaɗen mahalliya wuri guda, a manna jadawalinsu a ƙofar kasuwa, kada a karɓi ko jine ɗaya ba da Ornik 15 ba.
3. Zai ajiye lauya a ofishin da'ira don bin takardun jinsiyya kyauta.
4. Zai zo kasuwa sau ɗaya kowane wata ya faɗa muku abin da aka tattauna da inda ya jefa ƙuri'arsa.

Ku ajiye wannan takarda. In ya saɓa, ku fito masa da ita.

RANAR ZAƁE

An tsara jefa ƙuri'a daga 11 zuwa 13 ga Afrilu 2010, a wurin da ka yi rajista. Za a ba ka takardu takwas: ta shugaban ƙasa, ta wali, uku na Majalisar Ƙasa, uku na majalisar wilaya. Ukun nan su ne ta da'ira, ta jerin mata, da ta jerin jam'iyya. A kowace ɗaya ka nemi alamar mashi, ka yi alama ɗaya tak a gabanta. In ka yi biyu, takardar ta lalace. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku fita da sassafe, ku tafi da matanku da iyayenku.

Shekara 24 ba a tambaye ku ba. A 2010 an tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku ba da amsa da kanku.

Ku bar itace, ku zaɓi mashi.

Jam'iyyar Umma ta Ƙasa, reshen Umdurman.
Allah ya ba mu sa'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.