A Koya Wa Masu Kiwo Rainon 'Yan Tsaki Da Harshensu

Yawancin 'yan tsakin da ake kiwo a Bodinga da Shagari daga kudu ake kawo su, musamman Ibadan, kuma kafin su biyo ta Jega da Tambuwal su iso sun riga sun jigata. Matan aure da matasan da ke sayen su kwali-kwali, da kuɗin adashi ko na aro, su ne ke ɗaukar asara idan suka fara mutuwa a makon farko. Nan take akan ce iri ne marar kyau. Ni kuwa ina ganin babban laifin na harshe ne.

Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya fito. A makon farko yana bukatar zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, a riƙa rage kamar 3 kowane mako. Wannan bayani a rubuce yake, amma da Turanci, haka ma umarnin da ke jikin maganin rigakafin Gumboro. To, ina amfanin digiri ga wadda ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba?

Alhali kuwa 'yan tsakin da kansu ma'auni ne. In sun cunkushe kusa da kaskon gawayi suna tsiwirwiri, ɗari ne. In sun guje shi suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, an dace. Duk uwar da ta reni jariri cikin hunturu za ta gane wannan a zama ɗaya. Ita ce kuma ya kamata a gaya wa cewa toshe ɗaki ruf a kan gawayi kisa ne, domin iskar da yake fitarwa guba ce marar wari, ba ga kaji kaɗai ba, har ga yaran gidan.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi, tana da Cibiyar Nazarin Hausa, kuma ba ta da nisa da garuruwan nan biyu. Ban ga abin da zai hana su haɗa kai su fitar da takarda guda, da boko da ajami, a liƙa a jikin kowane kwali ba. Rediyon Rima kuma ta karanta ta tun cikin watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama.