Raba Zama Ba Tare da Saki Ba: Sulhu Ne Idan An Yanka Masa Wa'adi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa masu karatu, akwai wasu mata a cikin al'ummarmu da malaman fiƙihu ke kira mu'allaƙa, wato wadda aka rataye: ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ko dai ta yi yaji, ko miji ya ce ta je gida sai ya neme ta. Wata ya shuɗe, shekara ta zagayo, babu biko, babu takarda, babu ko kwanon masara. Duk limamin unguwa ya san irin waɗannan gidaje, haka ma duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ko ofishin Hisbah. A ɗaya gefen kuma ga mazan da fushin dare ɗaya ya sa suka tsinke igiya, gari na wayewa suka shiga neman malamin da zai ce musu sakin bai auku ba, alhali magana zarar bunu ce.

Tsakanin waɗannan ɓarna biyu akwai wata hanya da muke ganin ya kamata malamai da iyaye su rungume ta: ma'auratan da zama ya yi wa zafi su raba wurin zama na ɗan lokaci, bisa yarjejeniya a rubuce, a gaban shaidu, aure yana nan daram. Sai dai muna da sharaɗi guda wanda idan babu shi ba mu goyon bayanta, shi ne a sa mata ranar ƙarewa.

Wani zai ce ai wannan tsarin Turawa ne. Gaskiya ne a can ya shahara, kuma yana da dalilinsa a wurinsu. Cocin Katolika ba ta yarda da saki ba, don haka abin da ake iya bai wa ma'auratan da suka kasa jituwa shi ne izinin raba kwano da shimfiɗa, aure kuwa sai mutuwa. A Ingila, kafin dokar shekarar 1857, wanda ke son a kashe aurensa har ya iya yin wani sai ya nemi doka ta musamman daga majalisar ƙasa, abin da sai masu hannu da shuni. A Najeriya ma dokar shari'o'in aure ta 1970 ta tanadi rabuwa da umarnin kotu ba tare da kashe aure ba, amma ga auren rajista ne, ba ta shafi wanda aka ɗaura bisa Musulunci ba. Ke nan a wurinsu raba zama ya samo asali ne daga rufaffiyar ƙofa, shi ya sa yake iya ɗaukar tsawon rai. Mu kuwa Allah ya bar mana ƙofar saki da ta khul'i a buɗe, don haka ba mu da uzurin mayar da rabuwa zaman dindindin.

Asalin raba zama na ɗan lokaci kuwa yana nan a cikin addininmu tun kafin a san dokokin Turai. Manzon Allah (SAW) ya ƙaurace wa matansa tsawon wata guda, ya tare a wani ɗaki na sama, har labari ya bazu a Madina cewa ya sake su. Sayyidina Umar ya je ya tambaye shi, ya tabbatar masa bai sake su ba, kuma bayan kwana 29 ya sauko ya koma gare su. Haka nan Ka'abu ɗan Malik, ɗaya daga cikin sahabbai uku da suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira: da aka kai kwana 40 ana ƙaurace musu, saƙo ya zo masa cewa ya nisanci matarsa. Ya tambaya ko sakinta zai yi, aka ce a'a, nisantarta kawai. Sai ya tura ta gidan iyayenta har Allah ya saukar da hukuncinsa a kwana na 50. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito waɗannan ƙissoshi biyu. A lura, ko wanne daga cikinsu yana da iyaka.

Alƙur'ani mai girma ma ya buɗe wannan ƙofa. Aya ta 128 a Suratun Nisa'i ta halatta wa ma'aurata su yi sulhu a tsakaninsu idan mace ta ga alamun miji yana juya mata baya, kuma malaman tafsiri suna kawo misalin Uwar Muminai Sauda 'yar Zam'a, wadda ta bar wa Nana A'isha kwananta don ta ci gaba da zama cikin matan Annabi (SAW). Aya ta 35 a wannan sura ta yi umarni da a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron ɓaraka. Yarjejeniyar raba zama, idan aka tsara ta yadda ya kamata, aikin waɗannan mutum biyu ne aka zuba a takarda.

Amma mu duba abin da ya biyo bayan ayar sulhu nan take. Aya ta 129 ta hana miji barin mace kamar ratayayya. A Suratul Baƙara kuma, aya ta 226 da ta 227 sun yanka wa wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba wata huɗu, daga nan ko ya koma ko ya saki. A zamanin jahiliyya namiji kan yi irin wannan rantsuwa ya bar mace shekara ɗaya ko biyu, sai Musulunci ya zo ya datse. Ba muna cewa yarjejeniyar da aka yi da yardar juna tana ɗaukar hukuncin wannan rantsuwa kai tsaye ba. Abin da muke cewa shi ne, tunda wata huɗu ne ma'aunin da Mahaliccin zukata ya ajiye, wayon wane ne zai wuce shi? Malaman mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na Shari'a ke hukunci da ita, sun ba alƙali damar raba auren da miji ya ƙaurace wa matarsa don cutarwa, ko da bai rantse ba.

Fa'idar wannan hanya a kan saki a bayyane take. Igiyoyin aure uku ne kacal, kuma duk saki yana cinye ɗaya, ko da an yi kome. Raba zama ba ya taɓa ko ɗaya. Idan ɗayansu ya rasu a cikin wa'adin, ɗayan zai gaje shi. Idan ciki ya bayyana, na mijin ne ba tare da gardama ba. Ciyarwa ba ta faɗi ba, domin matar da ke gidan iyayenta da yardar mijinta ba a kiranta mai bijirewa. Sannan yara ba su ji an ce an saki uwarsu ba, kalmar da takan zauna a zuciyar yaro har girmansa.

To me ya kamata takardar ta ƙunsa? Da farko a rubuta ƙarara cewa wannan ba saki ba ne, domin lafazi irin su "je ki gidanku" kinaya ne, niyyar miji ce ke fassara shi, kuma gardama a kan niyya ta rusa gidaje da yawa. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa. A faɗi inda matar za ta zauna, da adadin abin da miji zai riƙa aikawa da ranar aikawa, da kuɗin makaranta da na magani, da yadda uba zai riƙa ganin 'ya'yansa. A ambaci ainihin matsalar da abin da kowa zai gyara: idan gidan haya zai nema don raba ta da rikicin gidan gandu, a rubuta, idan asibiti zai je don shaye-shaye, a rubuta, idan ita ce za ta daina fita ba izini, a rubuta. Masu sulhu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a ajiye ɗaya wurin liman ko mai unguwa. Idan Allah ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashin kuɗi, yaya za mu bar haƙƙin mace da 'ya'yanta a fatar baki?

Muna sane da cewa wasu maza za su so mayar da wannan takarda tarko. Akwai wanda ya gama da aure a zuciyarsa, amma ba ya son furta saki, yana jiran matar ta gaji ta kai ƙara ta nemi khul'i, ya karɓe sadakinsa ya ƙara na wani auren. Aya ta 19 a Suratun Nisa'i da ta 231 a Suratul Baƙara sun haramta wannan dabara. Maganinta shi ne wa'adin nan: ranar da ya cika, masu sulhu su zauna, ko ta koma ɗakinta da mutunci, ko a sallame ta da kyautatawa. Idan miji ya ƙi duka biyun, takardar ta zama hujjarta a gaban alƙali. Haka kuma abin da mace ta sarayar na kwananta, malamai sun ce tana da damar janye shi game da abin da zai zo nan gaba, don haka sa hannunta bai zama ƙangi a wuyanta ba.

Akwai kuma inda wannan hanya ba ta shiga sam. Matar da ake duka ana ji mata rauni, alƙali take buƙata, kada a yi amfani da sunan sulhu a mayar da ita hannun mai cutar da ita. Wanda kuma ya riga ya cika saki uku, babu takardar da za ta mayar masa da abin da ya ƙare, ko da an ce don yara ne.

Ya ku iyaye, idan 'yarku ta dawo gida da fushi, kada ku bar kwanaki su yi ta tafiya kowa na jiran wani ya fara sauke girman kai. Ku kira waliyyan miji a cikin makon farko. Ya ku 'yan uwanmu limamai, mu tanadi irin wannan takarda a masallatanmu kamar yadda muka tanadi ta ɗaurin aure. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ba a barin ciwon ya ruɓe.

Allah ya daidaita tsakanin ma'auratanmu, ya sanya albarka a zuriyarmu, ya kare mu daga zaluntar waɗanda ya ba mu amanarsu. Wallahu a'alam.