Jan Tsumma Bai Isa Ba

Duk wanda ya tsaya bakin hanya tsakanin Tsauni da Matamaye ran kasuwa zai ga yadda ƙananan motocin kaya, waɗanda ake kira bashe, suke wucewa da azara da rake da bututun rijiyar lambu, wani sa'in da rodin gini wanda ya fito daga wajen Daura ta iyakar Ɗan Barto. Wannan alama ce ta ci gaba: talakawa suna gine-gine, masu noman rani suna faɗaɗa garake. Amma yadda ake ɗaure kayan nan abin dubawa ne ga hukuma da jama'a baki ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Rodi daga masana'anta tsawonsa mita 12 ne. Ko an lanƙwasa shi biyu, mita 6 ya rage. Bayan bashe kuwa bai kai mita 2 da rabi ba, na mai ƙofa huɗu ma wajen mita 1 da rabi ne. Ashe fiye da rabin kayan a iska yake reto. Idan nauyi ya rinjaya bayan ƙafafun baya, gaban mota sai ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannun direba, fitilu su koma haska sama maimakon hanya. In an zo kwana, wutsiyar kayan takan share gefe kamar lauje, ta sami mai amalanke ko yaro da ke tafiya a bakin hanya, alhali direba yana ganin ya ba su wuri.

Mafi muni shi ne ranar da aka taka birki da ƙarfi. Mota ta tsaya, ƙarfe bai tsaya ba. Masana a Turai sun ƙiyasta cewa dole ɗauri ya iya riƙe kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya in suka zabura gaba. Wato rodi mai kilo 500 yana bukatar ɗaurin da zai tare kilo 400. Tsohuwar robar taya da karen mota yake naɗawa ba za ta iya wannan ba, don miƙewa take yi; ƙarfe kuma santsi gare shi, sanda ɗaya takan zare daga tsakiyar dami ta huda gilashi. Ga kuma fasinjoji zaune bisa kaya, har da mata masu goyo.

Direbobi da dama suna ɗaura jan tsumma a ƙarshen kaya, su ce sun cika doka. Gaskiya ne yarjejeniyar Biyana ta 1968 a kan zirga-zirgar motoci, wadda Nijar ta shiga a 1975, ta wajabta sa alama ga duk kayan da suka zarce mota da fiye da mita 1. Sai dai ita wannan yarjejeniya ta ce da dare jar fitila ake sawa a baya, tare da abu mai ƙyalli. Tsumman da rana ta cinye launinsa, wa zai gan shi da almuru ko cikin hazon hunturu? Ɗan kabu-kabu mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowane daƙiƙa, kuma bakin rodin daidai ƙirjinsa yake.

An saba ɗora laifin duka kan direba. Wannan bai cika adalci ba. Mai kaya ne yake matsa ciniki har ya zama sawu ɗaya maimakon biyu, shi ne kuma yake cewa a ƙara dami ɗaya, ai Tsauni ba nisa. Direban da ya ƙi, na bayansa a layi zai karɓa. Saboda haka gyaran daga tasha zai fara: shugabannin ƙungiyar direbobi su yanke cewa motar da ba ta da ƙarfen dogari a bayan kan direba da kuma a wutsiya ba za ta ɗauki dogon kaya ba. Masu walda na Matamaye suna iya ƙera shi, kuɗinsa kuma bai kai na jinyar karaya guda ba. A kansa sai kaya su kwanta miƙe, a ɗaure damin kansa da farko, sa'an nan a ɗaure shi ga jikin mota wuri biyu ko uku da igiya mai ƙwari ko sarƙa, a kuma tsaya bayan ƴar tafiya a sake tamkewa, don gargada takan sassauta ƙulli.

Su ma jandarmomi, bayan duban takardu, ya kamata su zagaya bayan mota su ja igiya da hannu. Tara kaɗai ba ta rage tsawon rodi. Motar da aka ci tara aka sake ta da kayanta yadda suke, haɗarin da ta ɗauko yana nan har ta isa gari. A sauke fasinjoji, a gyara lodi nan take, kana a ba ta hanya.